Amsa kan ribit mai tsagewa a shimfiɗaɗɗen rufi

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaya ko ribit mai tsagewa zai riƙe shimfiɗar hana yoyo a rufin shagonka na unguwar Aboabo a Kumasi, wanda kwanonsa ba shi da kauri. Zai riƙe ƙwarai, domin idan bindigar ribit ta ja ƙusar cikinsa, gindinsa yakan tsage gida huɗu kamar ɓawon ayaba, ya kama kwanon ta ƙasa, inda sukuru kan sake da wuri. Sai dai ka huda rami daidai kaurin ribit ɗin, ka sa faifan ƙarfe mai faɗi a ƙarƙashin kansa, sannan ka lulluɓe kan da shimfiɗar, domin na ga ruwan Yuni na Kumasi ya bi ta tsakiyar ribit ɗin da ba a lulluɓe ba ya ɓata silin.