Tambaya da Amsa: Tsohuwar kyanwar daji da mussar gidajenmu

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Argungu. Ɗalibaina sun tambaye ni ko mussar da ke tsaron rumbunanmu jikar wata tsohuwar kyanwar daji ce, wadda suka ji an tono ƙasusuwanta a Turai. Ina neman ƙarin haske.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa yaran nan basira, domin tambayarsu ta yi ma'ana ƙwarai. Mai yiwuwa kyanwar da suke nufi ita ce wadda masana ke kira Felis lunensis, wadda ta rayu kimanin shekara miliyan 2.5 da suka shuɗe, kuma irinta ya ƙare tun da daɗewa. Wani masani ɗan Italiya mai suna Martelli ne ya fara bayyana ta a 1906, bayan an tono muƙamuƙinta na ƙasa kusa da Olivola, a yankin Tuskani na ƙasar Italiya.

Kada a raina muƙamuƙi guda. Haƙori ya fi kowane sashe na jiki ƙwari, shi ya sa yake jure zama cikin ƙasa har ya koma dutse, kuma duk wanda ya lura da bakin kyanwa tana hamma zai ga fiƙoƙi masu tsini a gaba, da turame a baya masu yanka nama kamar almakashi. Da irin waɗannan alamomi aka gane cewa ƙaramar kyanwa ce mai farauta, kuma masana da dama suna ganin ita ce kakar kyanwar dajin Turai ta yau.

Amma mussarmu ba ta wannan reshe ta biyo ba. Asalinta kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ce, wato Felis lybica, wadda ta matso kusa da mutane lokacin da suka fara adana hatsi, ɓeraye suka yawaita. A tsibirin Saifurus an sami kabari mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne kyanwa dab da mutum.

Idan kuwa ɗalibanka suka ce me ya sa ba a tono irin waccan tsohuwar kyanwa a nan ba, ka shaida musu cewa duwatsun Dange da Wurno a maƙwabciyarku Sakkwato suna ɗauke da burbushin kifaye da kadoji da kunkuru, na zamanin da teku ya rufe yankin, kimanin shekara miliyan 60 baya, tun kafin dangin kyanwa su bayyana a doron ƙasa.