Ruwan zafin asuba a ƙauye: panno, itace ko na'urar rana?

Sanyi ya sauka Damagaram, saƙonnin da suka shigo mana wannan karon kusan duka maganar ruwan wanka ce. Na zaɓo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri dan Allah, fili ne ya yi kaɗan.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mushe ne a wani ƙauye can wajen Matamai, babu kuran (wutar lantarki) a garin amma ina da panno (farantin sola) biyu da batir ɗaya mai amfiya 100, su ke ba mu fitila da tele da cajin waya. Iyali sun gaji da tashin asuba hura wuta, shi ne na ce ko in sayi hita irin ta tsomawa cikin bokiti in riƙa jona ta a inbata, na'urar da ke maida wutar batir irin ta gida. Ya kake gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam Mushe. Kar ka saya. Wallahi da ka ce mani ka riga ka saya da na ce ka ba wani ɗan birni kyauta.

Bari mu yi lissafi tunda kai mai alli ne. Kafin lita ɗaya na ruwa ya ƙara digiri ɗaya na zafi yana cin wat 1.16 na awa ɗaya. Bokitin lita 20 da ya kwana a waje yana digiri 15, kana so ya kai 40 yadda za a yi wanka ba a karkarwa, digiri 25 ke nan, in ka buga zai ba ka kamar wat 580 na awa ɗaya. To batir ɗinka mai bolt 12 da amfiya 100 duk abin da ke cikinsa in ya cika fal wat 1200 na awa ɗaya ne, kuma irin batir ɗin dalma da muke saye rabi kawai ya kamata a ja in ana son ya daɗe, wato 600. Ka ga bokiti ɗaya tak ya lashe abincin dare gaba ɗaya, ba fitila ba tele, kuma ma da asuba kake son ruwan lokacin da batir ya riga ya kwana yana aiki. Ga shi ita hitar wat 1000 ce zuwa 2000, in mai 1500 ce za ta ja sama da amfiya 125 daga batir, wayoyi su yi zafi inbata ta yi ta kuka ko ta ƙone. Ban ma shiga zancen yaro ya tsoma hannu cikin bokiti tana jone ba, Allah ya kiyaye.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne panno kashi 20 cikin ɗari ne kawai na hasken da ya faɗo masa yake maidawa kuran, sannan kai kuma ka sake maida kuran ɗin zafi, zagaye ne kawai kamar mai zuwa Miriya ta Tanut. Ita kuwa na'urar da rana ke dafa ruwan kai tsaye tana kama rabi ko fiye. A ƙasarmu kowace murabba'in mita tana samun kusan kilowat 6 na awa ɗaya na hasken rana a yini, faranti mai mita 2 zai iya ɗaga ruwa lita 150 da sama da digiri 30 in gari ya yi garau. Ka bar wa panno aikin fitila, shi ya iya.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne da aka kawo mana jiya daga Sin. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne a 1929, ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, shekara da shekaru kuma cikin abubuwan da suke ƙerawa a can har da na'urar dafa ruwa da rana. Ya rasu a 1991, Allah ya jiƙansa, mu kuma ga mu har yau muna hura wuta da asuba hayaƙi na cika mana ido.

Tambaya: Malam na ga na'urar dafa ruwa da rana irin mai kwalabe dogaye da tanki kwance a sama a gidan wani a Zango, ta burge ni sosai, ina so in kai wa tsohuwata a ƙauye wajen Drum. Gidan soro ne na ƙasa kuma ba pompo, daga rijiya ake jawowa. Za ta yi?

Amsa: Allah ya yi maka albarka ƙanena, wanda ya tuna da uwa cikin sanyi ba zai taɓe ba. Za ta yi, amma ba yadda ka gan ta a Zango ba, kuma nan ne zan ɗan daɗe saboda nan mutane ke asarar kuɗi.

Yadda take aiki ba wani sirri, ba inji a ciki ba waya. Ruwan da ke cikin kwalaben in ya yi zafi sai ya yi sauƙi ya hau tanki, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka ake ta yi har la'asar. Shi ya sa dole tanki ya kasance sama da kwalabe. Kwalbar kuma biyu ce ɗaya cikin ɗaya an zuƙe iskar tsakaninsu, irin filas ɗin shayi sak, za ka taɓa waje ka ji sanyi alhali ciki ruwa na neman tafasa. Yawanci kowace kwalba ana ƙiyasta mata lita 10, mai kwalba 15 lita 150 ke nan.

To lita 150 kilo 150 ne, haɗa da ƙarafa da kwalabe da ruwan cikinsu ka wuce 200. Ka ɗora wannan a kan soron azara da ƙasa, kullum ɗigo-ɗigo na jiƙa wuri ɗaya, damina ta zo ta ƙara, ni dai ba zan kwana a ɗakin ba. Ka sa mai walda ya yi maka tsayayyen teburin ƙarfe a tsakar gida ko ka gina dakali da siminti, inda inuwar bedi ko katanga ba ta faɗowa daga hantsi zuwa la'asar. Fuskarta ta kalli kudu, saboda mu muna kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, a Disamba da Janairu rana ta kudu take bi, ka duba inuwarka da azahar za ka ga ta karkata arewa.

Sai maganar ruwa, ita ce babba. Na'urar nan ba ta son zama da ƙishirwa. In tanki ya ƙare kwalabe suka wuni a rana ba ruwa, cikinsu zai yi zafin da ya fi na tafasa nesa, wani ya zo da azahar ya juye bido na ruwan sanyi sai ka ji tas tas. Ni kaina na taɓa yin wannan ɓarnar, mai ruwa ya yi latti, na ƙagara, na cika da rana tsaka, kwalba uku suka fashe a gabana ruwa ya tsiyaye ƙasa duka, na tsaya riƙe da bido kamar wanda aka yi wa sata. Tun ranar doka ta a gida, ana cikawa da sassafe bayan an gama wanka, ko da dare. Don haka ka sa duro ɗaya sama da tankin kaɗan da tiyo da makulli, ka samu yaro amintacce da zai riƙa cikawa kullum, in ba ka da wannan yaron to ka dakata da sayen. In za a yi tafiya a rufe kwalaben da tabarma ko buhu.

Ruwan rijiya kuma ka duba butar shayin gidan. In cikinta ya yi farin ɓawo kamar kanwa, haka cikin kwalaben zai yi, sai an riƙa zare su ana wankewa ko sau ɗaya a shekara. A tace ruwan da ƙyalle saboda yashi. Ƙurar hunturu a goge ta da tsumma mai laima da safe, ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango dutsen Birni ruwan ɗumi kawai zai yi, ka faɗa wa tsohuwa tun yanzu kar ta ce an cuce ka. Wajen saye ka matsa a kan kaurin rufin tankin, shi ke riƙe zafi daga magariba zuwa asuba, kuma ka karɓo kwalba biyu ko uku na ajiya da robobinsu tun a ranar, kar akuya ta fasa ɗaya ka dawo kana zagaye Kasuwar Dole da guntun gilashi a hannu.

Tambaya: Ni ba ni da kuɗin wannan duka, akwai dabarar talaka?

Amsa: Akwai mana. Bido ka shafa masa baƙin fenti, ka sa shi cikin akwatin katako ko kwali mai kauri, ka cusa ƙaiƙayi ko tsumma ta gefe da ƙasa, ka rufe sama da gilashi ko farar leda mai haske. Da la'asar ruwan ya yi ɗumi sosai. Matsalarsa ɗaya, dare na kwashe zafin, sai ka lulluɓe shi da tsohon bargo tun rana ba ta faɗi ba ko kuma a maida wankan yara yamma. Kar a yi da bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari, kuma ruwan wanka ne ba na sha ba.

Tambaya: Malam sannu da aiki. Ɗiyata ce za ta zo wankan gida, haihuwar fari, wata mai kamawa. Wancan karon da na yi wa yayarta itace ya kusa talauta mu, amalanke biyu ba su isa ba. Maigida ya ce a sayi gaz, ni kuma aka ce mani na'urar rana za ta iya. Wanne ya fi?

Amsa: Hajiya sannu, Allah ya sauke ta lafiya. Ba ki yi ƙarya ba a kan itace. Tukunyar lita 40 kafin ta tafasa tana son kusan kilowat 4 na awa ɗaya, murhun duwatsu uku kuma mafi yawan zafinsa iska ke kwashewa, abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. A nawa lissafin kowace tukunya kamar kilo 6 na busasshen itace, safe da yamma kwana 40 tukunya 80, kin ga an doshi rabin tan. Gawo da ƙalgon da manoma suka sha wuyar rainowa a gonakin Magarya da Matamai wani kason nan yake tafiya.

Na'urar rana za ta ba ki ruwa mai digiri 60 ko fiye ranar da gari ya yi haske, in ma kin nace sai kin dafa ganyen bedi a ciki to kin riga kin ci rabin hanya, itacen rabi ne. Gaz kuma tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 ya zama na gida, tukunyar gaz mai kilo 6 na da sauƙin ɗauka, kuma ba ruwansa da hazo, sai dai a ƙauye in ya ƙare ranar Talata sai an jira motar kasuwa. In haihuwar wata mai kamawa ce ni gaz zan ce, da murfi a kan tukunya da kariya daga iska, na'urar a saye ta a natse daga baya. Amma a dafa a waje ko inda iska ke shiga, kar a shiga makewayi rufaffe da gaz ko kaskon gawayi, hayaƙin da ke kisa ba ya wari ba ya launi, mutum jiri kawai zai ji ya zauna ya kasa tashi.

Yanzu kuma Hajiya ki yi mani haƙuri in faɗi abin da ba ki tambaya ba, na san iyayenmu mata ba su son jinsa daga bakin namiji. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa da yawan kunun kanwa. Ruwa mai digiri 60 cikin daƙiƙa kaɗan yake sale fatar babba, balle jariri. Ki surka har sai kin iya sa gwiwar hannunki ki bar ta ciki ba ki janye ba, na jariri kuma ɗumi kawai kamar jikinki. A fara zuba mai sanyi a baho sannan mai zafi, kuma makullin na'urar in an saya a ɗaga shi inda yara ba su kaiwa. In kika ga ƙafafunta sun kumbura, ko tana haki in ta kwanta, ko tari da dare, a bar wanka da kanwa a kai ta gidan likita ranar, kar a jira arba'in.