Harbin Animon: Amsar Maigida ga Yaronsa

Kana tambayata wai me ake yi idan animon, dabbar tekun nan, ya harbi mutum, ka nuno min damtsenka ya yi ja. Ilu, wa ya ce ka tsoma hannu a akwariyom, akwatin gilashin kifi, ba safar roba? Ku yaran yau waya na hannu ɗaya, aiki na ɗaya hannun.

Wannan abin da kake gani kamar fure dabba ce. A jikin yatsunsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu dafi da ido ba ya gani, suna maƙalewa a fata kamar ƙarangiya, kuma da yawansu ba su fashe ba tukuna. Ruwan famfo ne ke fasa su, gogewa ma haka. Ka ɗebi ruwan gishiri ka ɗauraye wurin, ka cire abin da ya maƙale da hantsaki, sannan ka tsoma a ruwan zafi, digiri 40 zuwa 45, kamar minti 20. Kada hannun ya je ido. In numfashi ya fara sarƙewa ko fuska ta kumbura, asibiti kawai.

Ruwan famfon nan ne ya ja min asarar da har yau take cina. Wani attajiri a nan Damagaram ya sa na haɗa masa babban akwariyom a falo. Na sa aka kawo kaya daga Legas, suka biyo ta Kano, har da irin animon ɗin nan mai faɗi da ake kira Stichodactyla, wanda ke kama kifi ya haɗiye. Na haɗa ruwa gishiri giram 35 a kowace lita, a garin da ruwan sha ma sai an bi layi. Na gaya masa a gaban gardinsa: kada yaro ya sa hannu, kada a kashe gurup, wato injin wuta, in kuran ya ɗauke, domin ruwan bai kamata ya wuce digiri 27 ba, mu kuwa ka san watan Afrilu.

Ɗansa ya hau kujera ya shafa abin. Suka kai yaron famfo, suka dirje masa hannu da tawul, hannu ya kumbura. Maimakon a kira ni, sai Alhaji ya sa gardi ya ɓamɓaro animon ɗin da ludayi. Ludayi fa! Ya yage masa gindi, ya kasa fitar da shi duka, ya bar sauran a ƙarƙashin dutse. Da dare kuma aka kashe gurup don tsimin mai. Gari na wayewa ruwa ya yi fari, wari har ƙofar gida, ko kifi ɗaya bai rage ba.

Da na je karɓar cikon kuɗina, jaka ɗari uku, sai ya ce ai mugun abu na kawo masa gida, ni ya kamata in biya kuɗin magani. A bakin ƙofa ya bar ni tsaye, ko tabarma. Mutumin nan har yanzu in mun haɗu wurin ɗaurin aure shi ke fara miƙo min hannu.

In za ka ɗaga animon, ba a jan sa. Ka karkato masa da ruwan da injin akwariyom ɗin ke turowa, ko ka ɗan taɓa gefen gindinsa da ƙanƙara, zai saki da kansa. Safar kuma mai kaiwa kafaɗa za ka saya, da kuɗinka, tawa ba ta aro ba ce.