Kaɗa dabul bes: kilasik ko jaz?

Tambaya: Ni matashi ne daga Fagge a Kano, ina kaɗa jitar bes a situdiyo, kuma ina son komawa dabul bes, wato ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye. Shin sana'a ce da za ta riƙe mutum, kuma kilasik (daɗaɗɗen salon kiɗan Turai) zan bi ko jaz (salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka)?

Amsa: Ɗan'uwa, sana'a ce, amma kasuwarta ba a Kano take ba, domin situdiyoyinmu sun daɗe da miƙa aikin bes ga fiyano da kwamfuta. Saitin tsirkiyoyi huɗu na dabul bes daidai yake da na jitarka, sai dai wuyansa ba shi da ƙarafan raba sauti, saboda haka kunne ne zai nuna wa yatsa inda zai sauka.

A kilasik ana goga tsirkiya da izgar da aka shafa wa ƙaro, ana bin rubutaccen kiɗa, kuma a babbar ƙungiya makaɗan bes shida zuwa takwas ne ke fitar da murya ɗaya, ga shi gurbi ba ya samuwa sai wani ya tashi. A jaz kuwa da yatsa ake fizgar tsirkiya, kai kaɗai ne mai bes, kai ke riƙe da takun kiɗan, wani lokaci ma a sakar maka fage ka ƙirƙiro naka nan take, hanyar da makaɗin bes Jimmy Blanton ya faɗaɗa bayan ya shiga ƙungiyar jaz ta Duke Ellington a 1939.

Shawarata ita ce ka fara da horon kilasik ko da jaz ne burinka, domin izga ba ta rufa wa kuskure asiri. Ron Carter, fitaccen makaɗin dabul bes a jaz, kilasik ya karanta a makarantar Eastman ta Amurka kafin ya yi aiki da shahararren mai jaz Miles Davis daga 1963 zuwa 1968, kuma an naɗi kiɗansa fiye da sau 2,000. Chi-chi Nwanoku, makaɗiyar dabul bes wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta tsaya a kilasik har ta kafa ƙungiyar makaɗa ta Chineke a Ingila a 2015.

A gida Najeriya, makarantar kiɗa ta MUSON da ke Legas ce wurin da zan fara nuna maka, kuma kada ka jingine jitarka, domin ita da koyarwa ne za su ciyar da kai a shekarun farko. Idan ka kawo dabul bes Kano, ka kiyaye shi lokacin hunturu, domin bushewar iska tana tsaga katakonsa, masu gyaransa kuma sai an tona.