Tsoffin zanen cire haƙori: amsoshin likita ga masu karatu

Tambaya: Likita, na ga zanen Gerrit van Honthorst na 1622, ana cire wa wani haƙori da hasken kyandir. Haka ake aikin a duhu? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗana, duhun dabarar mai zane ce. Honthorst, mai zane ɗan ƙasar Holan, ya koyo salon a Italiya: kyandir guda a hannun yaro, hasken ya faɗa kan fuskar mai ciwo, sauran wurin ya yi duhu, dole idonka ya tsaya kan azabar. A wancan zamanin galibi da rana ake cirewa a kasuwa, gaban 'yan kallo. In kuma da kyandir aka yi, ba ya haska turamen can ciki, jini kuma na rufe wurin, shi ya sa saiwa kan karye ta maƙale a muƙamuƙi, ta yi ruwa.

Tambaya: Wannan murtuke fuskar ba ƙari aka yi ba? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, babu ƙari. Sai a 1846 likitan haƙori William Morton ya nuna aikin iskar sa barci a birnin Boston na Amurka, maganin allurar kashe zafi na nobokain kuma sai 1905. Amma masu zanen Holan ba tausayi kaɗai suke nufi ba, har da gargaɗi. A zanen Lucas van Leyden na 1523, ana taɓa haƙorin bawan Allah, wata mata na zare masa kuɗi daga jaka. A na Jan Steen na 1651, mai cirewar ya baje takardar shaida mai hatimi don a yarda da shi. Ni a ganina, 'yan damfara aka fi zana a nan.

Tambaya: An cire mini haƙori, kwana uku zafin sai ƙaruwa yake. (Magidanci daga Kumasi)

Amsa: Malam, wataƙila gudan jinin da ya toshe ramin ne ya fita, ƙashi ya bayyana. Shan taba, tofar da yawu da ƙarfi da kurkure baki da wuri ke jawo haka. Ƙa'ida ita ce a cije auduga minti 30 zuwa 45, kada a kurkure sai bayan awa 24, sannan a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi. Kai dai ka koma asibiti yau a wanke ramin a sa magani. In da zazzaɓi ko kumburin da ke hana haɗiya, kada ka kwana a gida.