Tambayi Likita: Iskar Cikin Jirgin Sama da Lafiyar Matafiyi

Tambaya: Likita, ɗana yana da sikila. Za mu je Umara, tikitin da muka samu mai rahusa kuma ta Addis Ababa ya bi, har da kwana ɗaya a can. Akwai matsala? (Wata Hajiya daga Tudun Wada)

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya karɓi ibada. Jirgi yakan haura ƙafa 35,000, inda iska ba ta isar ɗan Adam. Shi ya sa ake matsa iska a cikinsa, amma ba a kai ta irin ta ƙasa. Ƙa'idar ita ce kada ta gaza ta kan dutse mai tsawon ƙafa 8,000, wato kimanin mita 2,400. Sababbin jirage irin Boeing 787 sukan riƙe ta wajen ƙafa 6,000. Nan Zariya kuwa ba ta kai mita 700 daga saman teku ba. Mai lafiya, oksijin ɗin jininsa kan sauka daga kashi 97 zuwa wajen 92 bai ma sani ba. Mai sikila kuwa wannan ragin kan iya tayar masa da ciwon ƙashi, balle ya haɗu da sanyin jirgi da ƙishirwa.

Ni kwanan Addis ɗin ne bai kwanta mini ba. Filin jirgin Bole yana kan tudun da ya haura mita 2,300, ke nan an sauka, an buɗe ƙofa, amma huhunsa bai samu sauƙi ba har gari ya waye. Jidda kuwa bakin teku take. In aljihu zai ɗauka, ku nemi jirgin da ba ya yada zango a Addis.

Kafin ku biya kuɗi, ki kai shi wurin likitan jini a asibitin koyarwa na Shika a auna shi. In himoglobin ɗinsa, wato awon ƙarfin jininsa, ya gaza 8, ko ciwon ya tashi cikin kwana 10 kafin tafiya, a ɗage. Ya riƙa shan ruwa, ya sa rigar sanyi, magungunansa kuma su zauna a jakar hannu.

Tambaya: Da gaske ne akwai filin jirgin da tsayinsa ya kusa kai inda robar shaƙar oksijin ke faɗowa a cikin jirgi? (Ɗalibi daga Samaru)

Amsa: Da gaske ne, ɗana. Robar kan faɗo in iskar cikin jirgi ta yi daidai da ta ƙafa 14,000, filin El Alto na ƙasar Bolibiya kuma ya haura ƙafa 13,000. Jiragen da ke zuwa can suna da saiti na musamman da matuƙi ke kunnawa don kada robobin su zubo a banza. Ragowar bayanin injin sai malaman kwalejin koyon tuƙin jirgi ta nan Zariya. Nawa ɓangaren shi ne baƙon da ya sauka can: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Ya huta ranar farko.

Tambaya: Jaririyata ta yi ta tsala ihu lokacin da jirgi ke sauka a Legas. (Wata uwa daga Sabon Gari)

Amsa: Kunnenta ne, Malama. Yayin sauka iskar waje tana danna dodon kunne, haɗiya ce ke buɗe 'yar hanyar da ke tsakanin kunne da maƙogwaro. Ki ba ta nono da zarar jirgi ya fara gangarowa. Manya su tauna cingam ko su yi hamma. In tana mura mai toshe hanci, a duba ta kafin tafiya.

Tambaya: Cikina wata bakwai, zan iya hawa jirgi? (Daga Kofar Doka)

Amsa: In awo bai nuna matsala ba, za ki iya. Yawancin kamfanoni suna ɗaukar mai ciki har mako 36, mai tagwaye mako 32, kuma sukan nemi takardar likita bayan mako 28. Ki zauna gefen hanya don ki riƙa tashi kina takawa, ɗamarar kujera kuma ki ɗaure ta ƙarƙashin cikin.