Amsa ga mai son datse rufin Ford ta 1950

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya sa ka more ta. Na ga tambayarka: ka sayi Ford ta 1950 mai ƙofa biyu a can garin da kake a Amurka, kana so ka datse rufinta ya sauko da inci 6 ta zama hotrod, wato tsohuwar motar da aka sauya wa siffa don gudu da burgewa, kana da giranda da injin walda na MIG, mai turo waya da kansa, a garejin gida, kana kuma tambaya ko hutun ƙarshen mako biyu zai isa. Aikin bodi ne sana'ata. A gida na koye shi, a nan Amurka kuma na sa hannu a datsar rufi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ba zai isa ba. Yankan kansa ba wani abu ba ne, daga hantsi zuwa azahar mutum huɗu sun ɗage rufin sun ajiye a ƙasa. Mayar da shi ne aikin, kuma ga mai yi da yamma da ranar hutu, lissafin watanni ake yi. Inci 6 ɗin ma ya yi yawa ga wannan motar. Ni dai da tawa ce, inci 3 zan cire a gaba, baya kuma ya ɗan fi haka kaɗan don layin rufin ya gangara zuwa but.

Na san inda ka samo sha'awar inci 6, hotunan motocin tsere ne. A shekarun 1930 da 1940 samarin kudancin Kalifoniya suna gwada gudu a busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage, daga 1949 kuma a filin gishiri na Bonneville. Sun rage tsayin rufi ne don iska ta rage turje wa motar. Ford ta 1934 ta 'yan'uwan nan Bob da Dick Pierson inci 9 aka sauke mata, amma wannan ba motar zuwa masallacin Juma'a ba ce, miƙaƙƙen fili take bi babu danja babu mai tsallaka titi. Irin taka tana bin sawun su Sam Barris ne, mai aikin bodin da ya datse Mercury ɗinsa ta 1949. Motar da ta fi kowacce suna a wannan fanni, Mercury ta 1951 da gidan Barris suka yi wa Bob Hirohata, inci 4 kawai aka cire mata a gaba, 7 a baya. A Janairun 2022 an sayar da ita a gwanjo kan kusan dala miliyan 2. Idan inci 4 ya ishi wannan, ka sake tunani a kan 6.

Ga dalilin da ya sa kowane inci yake da tsada. Ɗakin mota kamar dalar gyaɗa yake, ƙasa da faɗi, sama a tsuke, ta gaba da baya da gefe biyu. Ka zare sahun tsakiya, na sama ba zai hau daidai kan na ƙasa ba. Da ka sauke rufin, za ka tarar ya yi gajarta, ya kuma yi ƙarancin faɗi. Mu ɗauka ginshiƙin gilashin gaba ya kishingiɗa da digiri 30 daga tsaye. Saukar inci 3 za ta bar maka saɓanin inci 1.7 tsakanin guntun sama da na ƙasa, saukar inci 6 kuma kusan inci 3.5. Wannan a gaba kaɗai ke nan, baya ya fi kwanciya, saɓaninsa ya fi yawa. Shi ya sa Ford Model A ta 1928 zuwa 1931 ta fi sauƙin datsa, ginshiƙanta kusan a tsaye suke. Ka kuma lura da awo: saukar rufi a tsaye ake auna ta, ba a jikin ginshiƙi ba. A wancan misalin, don rufi ya sauko inci 3, kusan inci 3.5 za ka cire a jikin ginshiƙin gaba, amma a na tsakiya da yake tsaye inci 3 ne. Wanda ya auna 3 a ko'ina da tef ya yanke, rufinsa zai zauna a karkace.

Hanya biyu ce ta cike saɓanin. Ko a raba rufin gida biyu ko huɗu a ƙara masa ƙarfe a tsakiya, ko a bar shi ɗungurungum a tura shi gaba har ginshiƙan gaba su haɗu, sannan a gyara baya. A motarka ta biyun nake ba da shawara. Doguwar walda a tsakiyar rufi, inda ƙarfen yake kusan a shimfiɗe, ita ce ta fi kowace jawo lanƙwasa, kuma ba aikin ɗan koyo ba ne.

Abin da ko kaɗan ba ka ambata ba shi ne gilashi, alhali shi ne mai hukunci a wannan aiki. Ƙarfe yana yankuwa, yana miƙuwa, yana karɓar ƙari. Gilashi ba ya jin lallashi, don haka ƙarfen ake bi da shi zuwa inda gilashin yake so. A nan ka yi sa'a rabi. Ford ta 1949 zuwa 1951 gilashin gabanta falle biyu ne shimfiɗaɗɗu da sanda a tsakiya, na ƙofofi da na gefe ma shimfiɗaɗɗu ne. Bayan ka gama aikin ƙarfe, sai ka yanka samfurin kowace taga da siririn katako, ka bar wurin roba, ka kai wa masu gilashin mota su yanka maka sabo daga irin mai leda a tsakani. Na gaba ka tabbatar mai tambarin AS1 ne, shi ne wanda aka amince da shi a gilashin gaba a nan ƙasar. Da Chevrolet ta shekarar ka saya, da gilashin gaban ma lanƙwasasshe ne, yankansa sai gwani, kuma gwanin ma yakan fasa.

Ɗaya rabin shi ne gilashin baya. Lanƙwasasshe ne, kuma gasasshe. Gasasshen gilashi ba ya yankuwa ko a hannun wa, da ka karce shi sosai sai ya tarwatse ya zama tsaki-tsaki. Saboda haka ba a taɓa girman tagar baya. Ana zagaye ta ne da yanka, a ciro ta da ƙarfen da ke kewaye da ita gaba ɗaya, a kwantar da ita gaba har ta sadu da rufin da ya sauko. Abin da ya rage a buɗe, wato kafaɗu biyu na baya da filin da ke tsakanin taga da murfin but, da hannu ake ƙera musu sabon ƙarfe. A nan ake gane mai aiki. Kuma a nan inci 6 yake kama mutum: gwargwadon saukar rufi, gwargwadon kwanciyar tagar, har ta kai ba ka ganin komai a madubi sai sama, bayan motar kuma ya yi ƙusumbi. Duk motocin da aka jawo mana shago an fara an kasa, a nan suka maƙale. Yayin da kake ɗiga walda a wannan wuri, ka riƙa ɗora gilashin a gurbinsa kana dubawa, domin ramin yana murɗewa ba ka sani ba. In ka gama dubawa ka naɗe shi a bargo ka kai shi ɗaki, tartsatsin giranda yana cin gilashi. Wasu sukan maye gurbinsa da roba mai kama da gilashi. Tana karcewa, tana dushewa a rana, ni ba na so.

Kafin zarto ya taɓa ginshiƙi akwai aikin da ba ya fitowa a hoto. Mota mai shekara sama da 70, fara duba ƙasanta: daɓen ciki, dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wuraren da bodi ya zauna kan shasi. Idan tsatsa ta ci su, su za ka fara gyarawa, domin yanzu rufin ne yake riƙe da bodin, ranar da ka cire shi motar za ta baje. Ka gyara maratayan ƙofofi har su riƙa rufuwa da yatsa ɗaya. Ka ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe, ka daidaita ta da lebul irin na magina, kada ta sake motsi sai an gama. Ka cire kujeru, silin, gilasai, wayar fitilar rufi da tankin mai, ka kankare abin da aka manna a cikin rufin don yana kama wuta. Sannan ka ɗaure cikin bodin da fayif mai kusurwa huɗu na inci 1, daga gefe zuwa gefe, gaba zuwa baya, da kuma a gicciye, duk a ƙasa da layin tagogi yadda ba za su tare maka hanya ba. Ka ja layin tsakiyar mota tun daga gaba har but, ka buga alamomi sama da ƙasa da kowane wurin yanka, ka rubuta awonsu a littafi.

A jikin ginshiƙi, ka yanka inda kaurinsa bai canja ba, don bakin sama ya dace da na ƙasa. Ka fara cire ƙasa da abin da kake so, ƙarin yanka ya fi ƙarin ƙarfe sauƙi. Matsalar faɗi kuma, 'yar tsaga a gindin ginshiƙi da kusurwar sama tana ba shi damar karkatowa ciki. Kowane ginshiƙi a zura masa ƙarfe a ciki ya haye mahaɗar, a huda a cike da walda, domin ranar da mota ta kife wannan mahaɗar ce tsakaninka da kwalta. Guntun saman ginshiƙin tsakiya zai bi rufi ya yi gaba, sai ka yanko shi ka dawo da shi saitin na ƙasa. Za ka ga wasu sun karkatar da shi gaba, yana da kyau ƙwarai, amma ya ninka maka aikin ƙofa da tagar gefe. A motar farko ka bar shi a tsaye.

Injin MIG ɗinka zai yi, in dai mai tukunyar gas ne da siririyar waya mai kaurin inci 0.023. Ƙarfen bodin bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Baki da baki ake haɗawa, ba a ɗora wani kan wani. Ɗigo ɗaya nan, ɗigo ɗaya can nesa, ka bari ya huce har ka iya dafa shi da hannu. Walda tana tsuke ƙarfe in ta huce, shi ya sa ake bin ta da guduma da 'yar maƙera ta hannu a miƙe ta. Kada ka cike ko'ina sai rufi, tagar baya da ƙofofi duk sun zauna da ɗigo, ka tura motar waje, ka koma nesa ka kalle ta ta kowane gefe. Wanda ya iya waldar gas irin wadda muka taso da ita a gareji a gida yana da riba a nan, waldarta tana da laushi, tana bin guduma, kuma da ita su Barris suka yi nasu. Waldar lantarki mai sanda kuwa huda ƙarfen za ta yi ta yi.

Ka kula da dalma. Kamfanonin wancan zamani da ita suke shafe mahaɗun bodi, za ka same ta a ginshiƙai da kafaɗun baya, kuma walda ba ta kamawa a kanta. Da wuta kaɗan ake narkar da ita a goge, a wuri mai iska, da abin rufe hanci na gaske. Kada ka sa mata giranda ta zama ƙura. Kayan aikin ma kada su shiga wanki ɗaya da na yara. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani.

Sauran ƙananan ayyuka su suke cin rabin lokacin: saman ƙofofi, waɗanda ake yi ƙofar tana rataye a jikin mota, ƙarafan ado na cikin tagogi, indararon gefen rufi, ƙaramin gilashin kusurwa na ƙofa, robobi, waifa, sabon silin. Kujera ma sai ta sauko, in ba haka ba danja sai ka leƙa ta ƙasa. Ka kuma bincika dokar jiharka da kamfanin inshorarka tun yanzu, jihohi sun bambanta.

Na san akwai 'yan gida a cikinmu da za su ce za su gwada a kan Fijo 404 ko 504. Salun ɗinsu ba ta da shasi daban, bodin ne ƙashin motar, rufin yana cikin abin da ke ɗauke da nauyi, gilashin gabansu kuma lanƙwasasshe ne. Bitil ta fi dacewa: bodinta a kan faranti yake da kusoshi, gilashin gaba da na gefe shimfiɗaɗɗu ne ko kusan haka in ban da samfurin 1303, sai dai rufinta a zagaye yake ta ko'ina, yana buƙatar yanka da yawa.

Kai kuma abin da za ka yi a wannan Asabar ɗin: ɗauki hoton motar daga gefe sosai, daga nesa, kyamara a saitin ƙofa. Buga kwafi da yawa, ka auna faɗin wil a hoton da na zahiri don ka san ma'aunin, ka sa almakashi ka gwada inci 3 da 4 da 6 ba tare da ka rage girman tagar baya ba. Ka zauna a kujerar direba ka manna tef mai faɗin inci 6 a saman gilashin gaba ka ga abin da ya rage maka na hanya. Sai ka turo mana hotunan, haɗe da na ƙarƙashin ƙofofi da daɓen ciki, in duba ko bodin zai jure a cire masa rufi.